Sunan da Zalika ta zaɓa

Yayata Zalika zanen ƙwarya take yi a Gaya, da 'yar wuƙa da take ɗorawa a garwashi. Layinta siriri ne kamar zaren ɗinki. Ba ta da fara'a, ba ta da haƙuri, in ƙwarya ba ta yi mata ba sai ta jefa wa kaji. Amma daga Yelu har Malanbil, amaryar da ba ta da ƙwaryar Zalika gani take an rage mata wani abu.

Shekarar da aka fara ginin gada, Cha'ibu, ɗan kasuwa mai kai kaya Yamai a kamiyo, babbar motar kaya, ya fara sayen ƙorenta yana kai wa Nasara. Wata rana ya zo da kwali, wani komi, akawun ofis, ya yi masa rubutu iri uku a kai.

"Inna, sunanki ne duka ukun," in ji shi. "Nasara suna son sunan mai aiki. Zaɓi wanda ya yi miki."

Babu mai karatun boko a gidanmu. Ta ƙura wa kwalin ido. Na farko ta ce ya cika kauri, kamar na gwangwanin sardin. Na biyu ta ce sandararre ne. Na ukun siriri, a kwance kaɗan, haruffan riƙe da juna, wutsiyar ƙarshe ta lanƙwasa. Ta ce, "Wannan ya yi kama da ni."

Ta yi ta koyonsa a fasassun ƙore har ta ƙona yatsa. Siririn rubutu ba ya yafe rawar hannu. Da ta iya, kowace ƙwarya sai ta sa shi a gindi, tana riƙe numfashi. Matar da ba ta yabon kowa, na sha kama ta tana shafa wurin tana murmushi.

Shekaru aka yi haka. Sai wani baƙo, infirme mai aikin asibiti, ya tsaya saye, ya juya ƙwarya, ya ce, "Inna, mijinki ne mai zanen? Ku gaishe mini da Malam Cha'ibu, hannunsa ya yi kyau."

Ashe sunan Cha'ibu ne duka ukun. Da hannunta ya sa ta yi, kuma ya bar ta ta zaɓi wanda ya fi kyau. Da na tare shi a tasha, ko kunya babu, ya ce, "To ai ni Nasara suka sani."

Zalika ba ta je ba. Ta hura wuta, ta bi ƙoren da suka rage ɗaya bayan ɗaya, ta ƙone gindinsu baƙi ƙirin. Waɗanda suka tafi kuwa sun tafi.

Infirmen ya dawo, ya ce zai rubuta mata nata na gaskiya. Ta ce, "Kai kuma da me zan gane?"

Ta ci gaba da zane har idonta ya gaza. Ta rasu ba ta taɓa ganin sunanta ba.