Babban yatsan Hajiya Talatu

Har gobe ban manta da Larabar da na kai 'yan aji biyar gidan zane-zane ba. Lokacin ina koyar da zane a wata sakandaren 'yan mata a Rogo, kuma darasin nawa na tangal-tangal, don iyaye na ta ƙorafi wai 'ya'yansu na ɓata lokaci a shafe-shafen launi. Ana gobe tafiya shugabar makaranta ta kira ni ofis.

"Malama Binta, wannan fitar ita ce gwajinki," in ji ta. "Aka samu matsala, zango mai zuwa babu darasin zane."

Ku sababbin malamai ku sani, ba a fita da ɗalibai sai da izinin ofishin ilimi na shiyya da yardar iyaye, sannan ƙungiyar iyaye ta haɗa ku da wakili, wanda zai dawo ya faɗa wa taro abin da ya gani. Tamu wakiliyar Hajiya Talatu ce, mai sayar da atamfa a kasuwar Rogo, kuma ita ce kan gaba a masu ƙorafin.

Gidan yana birni, ya yi suna a zanen launin ruwa. Launi ne da ake jiƙawa a shafa a takarda da burushi, kuma ko ya shekara da bushewa, danshi na taɓa shi zai narke. Muna isa, jagoran baƙi, Malam Sabo, ya ga dattijuwa. Ya rusuna ya gaishe ta, ya kai ta ofis aka ba ta kujera da zoɓo mai sanyi. Sannan ya tara yara a farfajiya ya gaya musu doka: kallo da ido, hannu a baya. Hajiya ba ta ji ba. Wa zai tsayar da sa'ar uwarsa ya karanta mata doka?

Yawancin zanen na cikin gilashi. Daga ƙarshe Malam Sabo ya yi mana alfarma, ya kai mu wani teburi inda aka shimfiɗa sababbi da ba a rufe ba tukuna. Ɗaya zanen madatsar ruwan Karaye ne da hantsi, ga masunta a kwalekwale. Yara suka gane wurin, suka rufe shi da tambayoyi. Malam Sabo na juya baya, na ga Hajiya ta lashi babban yatsanta ta murza gefen zanen, yadda take wa atamfa don ta ga ko tana zuba. Ai kuwa ya zuba. Shuɗin ruwan ya biyo yatsan, ya bar farin tabo.

Malam Sabo ya juyo ya saki salati, ya ruga ya kira Daraktan gidan. Darakta ya daɗe yana kallon tabon.

"Mai wannan zanen wajen wata guda ya yi a kansa, kuma ba ya gyaruwa. Wace ce a cikinku? Yau ɗin nan zan kai ƙarar makarantarku ofishin shiyya."

Yara suka sunkuyar da kai. Rabinsu sun gani, amma ba wadda za ta nuna babba da yatsa. Ni kuma ga ni tsaka mai wuya. In na yi shiru laifi ya hau kan ɗalibaina, a rufe darasin. In na kira sunan Hajiya na kunyata ta a bainar jama'a, kuma ita ce mai magana a taro. Hajiya dai ta cusa hannu cikin mayafi.

"To kowa ta miƙo hannunta," in ji Darakta.

Ya bi layi yana dubawa. Wata Zainabu, wadda ta fi kusa da teburin, ta fashe da kuka tun kafin a zo kanta. Na buɗe baki ke nan, ban ma san me zan ce ba, Hajiya ta fiddo yatsan, shuɗi shar.

"Ɗana, rabu da yaran nan. Ni ce. Tun ina budurwa ban yarda da launi ba sai na gwada shi."

Darakta ya buga wa mai zanen waya, mutumin ya ce ya yafe, amma ina jin muryarsa, ransa ya ɓaci ƙwarai. Muka kamo hanyar dawowa. Ni dai na riga na fid da rai.

Ranar taron iyaye Hajiya ta miƙe. Da bakinta ta ba da labarin, ba ta rage komai ba.

"Na zaci wasan yara ne," in ji ta. "Wasa ba ya sa ƙaton mutum salati haka. Aiki ne, na kuma ɓata na wani. A bar yaran nan su koya, ko a samu wadda za ta zana masa wani a madadina."

Aka bar darasin. Tun daga ranar, duk inda na kai yara, dokar wuri a gaban manya nake fara faɗinta, kafin a kawo musu zoɓo.