Tiyon Fetur a Bakin Uwaisu

Uwaisu direban Batsari mutum ne da bai yarda ƙarfe ya mutu ba. Tsohuwar Landiroba ta zamanin En'e ya samu, ya dasa mata injin Fijo, ya yi mata bodin katako, yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Batsari da Safana. In ta taso, kaji ma sun san hanyar gida.

Shekarar ƙarin albashin Udoji famfon fetur ɗinta ya mutu. Uwaisu ya samo mai aiki da batir, ya ɗaure shi da waya a ƙarƙashin kujerarsa, kusa da tanki. Da an murɗa makulli sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas. Aibinsa ɗaya: tsohon famfo in inji ya tsaya shi ma ya tsaya, wannan kuwa babu ruwansa, sai an kashe makulli.

Mahaifiyarsa, Inna Safiyatu, ta daɗe tana cewa ba ta shiga wannan akwala. Rasuwar ƙanwarta a Tsaskiya ce ta sa ta shiga, tana ta salati.

A wani kwazazzabo gaɓa ta zabtare, mota ta kwanta a gefen direba. Ƙofa ta danne wa Uwaisu hannu guda, ɗayan ya karye. Inna ta faɗo kansa ta suma. Inji ya mutu, amma ƙas-ƙas na nan. Tiyo ya tsinke, fetur na feshi a zanen Inna, makulli kuma ya fi ƙarfin hannunsa. Ya miƙa wuya ya cafke tiyon da haƙora.

Nan ya hango wani manomi, Hashimu, ya yar da fartanya ya sheƙo a guje, da taba sigari a bakinsa tana ci.

Tsoro irin wannan Uwaisu bai taɓa jin sa ba. In ya buɗe baki ya yi ihu, fetur ya watsu. In ya yi shiru, wuta na tahowa da ƙafarta. Sai gurnani yake, idanu sun firfito, hawaye na zuba. Hashimu ya matso, har Uwaisu yana ganin jan garwashin.

"Innalillahi, bawan Allah gargara yake!" in ji Hashimu. "Bari in laƙanta maka kalmar shahada."

To, mutumin kirki ba ya ambaton sunan Allah da taba a baki. Ya ja da baya, ya murje ta cikin yashi da diddige, sannan ya durƙusa. A nan warin ya buge shi, ya ga inda idon Uwaisu ke nuni, ya kashe makulli.

Inna ta farfaɗo, ta yi shekaru tana yi wa ɗanta gorin akwalarsa. Uwaisu kuwa sai da aka sa cokali aka ɓamɓare masa muƙamuƙi. Hannun da ya karye ya warke sarai, amma bai sake riƙe sitiyari ba. Ɗinkin buhu ya koma yi a kasuwar Wagini, kuma ko ashana aka ƙyasta kusa da shi sai ya miƙe tsaye ya bar wurin.