Abin da Yatsan Nobila Bai Ji Ba

Shekara ashirin da uku Nobila Tapsoba yana wucewa ta gaban rumfata, bai taɓa ba ni faci ko sau ɗaya ba. Ni kuwa faci ne sana'ata. A gindin maɗacin nan na bakin hanyar Saaba nake zama da famfona da bahon ruwa da gwangwanin sholisho, duk mai keken da zai shiga Wagadugu da safe sai ya bi ta gabana. Mata masu kwandon tumatir, malaman makaranta, magina, kowannensu na san tayarsa fiye da fuskarsa. Ban da ta Nobila.

Shi Mosi ne, ni Samo, sunana Dirabo, ƙabilun nan namu biyu kuwa abokan wasa ne. Ka ga ke nan ba gaisuwa tsakaninmu sai zagi, haka muka gada, kuma wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Tun daga nesa zai fara kaɗa ƙararrawa.

"Bawana, ka tashi? Karen wa kuka cinye jiya?"

"Wuce, bawan banza! Yau kam sai ƙusa ta kama ka, ka zo ka durƙusa mini."

"Ka mutu kana jira!"

Kuma da gaskiyarsa, don ban taɓa ganin mutum mai tattalin taya irinsa ba. Kullum da la'asar yakan kifa keken a tsakar gida, ya juya taya a hankali yana tsince tsakuwa da ƙaya da tsinken allura. Ya tsaga tsohon tib ya shimfiɗa a cikin tayar don ya tare abin da zai huda. Da safe ba ya hawa sai ya danna ta da babban yatsa. In ya iso wurin da tsidau ya yi yawa, sai ya sauka ya saɓa keken a kafaɗa, mutane na dariya, ko a jikinsa. A ƙarƙashin sirdi akwai 'yar jaka da cokula biyu da ya lanƙwasa na ɓare taya, da guntun roba, da sholisho.

Sau ɗaya ko biyu a shekara tayar takan sace duk da haka. To, don tsokana, sai ya turo ta daidai tsallaken rumfata, ya zauna ya yi facinsa ina kallo. Kafin ya mayar da tib, sai ya rufe ido ya zura manuninsa cikin tayar, ya zagaye ta kaf, har sai ya ji abin da ya huda ta. Ya zaro, ya ɗaga mini.

"Ka gani? Ku faci kawai kuka iya, ku bar ƙayar a ciki don mutum ya dawo gobe. Ɓarayi!"

Ban taɓa gaya masa ba, amma a wurinsa na koyi rufe idon nan.

Aikinsa a wani gidan sanyi yake, can cikin gari, inda ake ajiye daskararren kifi. Ɗaukar kwali yake daga safe zuwa yamma, hannu tsirara, don safar hannun da ake ba su ba ta wata biyu take yagewa, kuma ba a sake ba da wata sai shekara ta zagayo. Ƙarfe bakwai na safe ake rufe ƙofar shiga. Bai taɓa makara ba, kuma wannan ne abin alfaharinsa a duniya, ba shi da wani. Saura wata bakwai ya cika shekarun fansho aka kawo sabon manaja, irin waɗanda ba su san nauyin feda ba. Ya kafa doka: wanda ya makara sau uku a wata, ya kama gabansa. Kowa ya san tsofaffin ake nema a sallama kafin lokacinsu ya cika, Nobila ma ya sani. Dariya ya yi, ya ce dokar ba tasa ba ce.

Akwai abin da na gani a shekarar nan ban sa shi a rai ba. Wata rana a wurin mai shayi ya riƙe kofin gilashi yana tururi, kowa na sa tsumma, shi ko gezau. Na ce ai hannun bawa ba ya jin wuta, aka yi dariya, shi ma ya yi.

Ranar wata Litinin tayar baya ta sace. Ya zauna a tsallake ya yi faci, ya rufe ido ya zagaya yatsa, bai ɗaga mini komai ba. Ya buga iska ya tafi. Kafin ya kai gada ta sake sacewa, ya tura ta da ƙafa, ya makara. Talata ya wuce da wuri da sabon tib, ya zage ni a gurguje. Ita ma ba ta kai shi ba. Biyu ke nan, kuma na ji labari a bakin matan tumatir, har da maganar dokar.

Laraba, wajen shida da kwata, sai ga shi yana turo keken. Bai tsaya a tsallake ba. Ya ƙetaro titi ya tsaya a inuwar maɗacina, abin da bai taɓa yi ba. Mata huɗu na jiran faci a wurina.

"Bawana," ya ce, "zo ka shafa mini cikin tayar nan."

Shekara ashirin da uku ina jiran ranar nan. Na miƙe ina tafi.

"Jama'a ku zo ku gani! Sarkin keke ya zo fada! Durƙusa tukuna, ka ce ni ne ubangidanka."

Matan suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, don ba shi da zaɓi.

"Allah ya kiyaye in durƙusa wa mai cin kare. Shafawa kawai, ba faci ba."

"Ina yatsan naka da kake cika mana baki da shi? Ko shi ma ya yi ritaya?"

Ya dubi hannunsa, ya sa shi a aljihu. Sannan ya ƙetara titi, ya yi facinsa shi kaɗai, ya hau ya tafi. Ni kuwa na koma kan tayar wata mata ina jin daɗin kaina.

Na sha juya safiyar nan a raina. Da ya kira ni Dirabo, wallahi da na ajiye abin da ke hannuna. Amma tunda muke bai taɓa furta sunana ba, ba shi da wani bakin da zai roƙe ni da shi sai na zagi, ni kuma ba ni da wani kunnen. Mutum ya zo mini da aikinsa a tafin hannu, na ɗauka wasa ne.

Tayar ta sake sacewa a hanya, sai bakwai da rabi ya isa. Ta ramin ƙofa mai gadi ya miƙo masa takardar sallama, ko ciki ba a bar shi ya shiga ba. Shekara ashirin da uku yana ɗaukar musu kifi, ba wanda ya fito ya dubi idonsa.

Bayan mako guda matarsa Sibdu ta turo mini keken. Ita za ta riƙa hawa, ta ce, za ta fara kai ganye kasuwa. Na tambaye ta lafiyar mutumina.

"Yana gida," ta ce. "Likita ya ce sanyi ya kashe masa jijiyoyin yatsu. Shekara biyu ke nan ni nake ɓalla masa maɓallin riga. Ya hana ni faɗa."

Na ɓare tayar, na rufe ido, na zura yatsa. Ban kai rabi ba wani abu ya soke ni. Waya ce siririya kamar gashi, irin ta cikin tayar babbar mota, ta ratsa taya ta ratsa shimfiɗar da ya yi, ba ta leƙowa sosai sai an hau an danne ta. Na zaro ta da farce, jini ya ɗigo. Duka aikin bai kai minti ɗaya ba. Sibdu ta dubi wayar, ta dube ni.

Yanzu ranar Lahadi kaɗai nake ganinsa, a ƙafa, zai tafi coci. Tun daga nesa nake fara zuba masa duk zagin da na sani, na kakanni da wanda na ƙirƙira, ina roƙon Allah ya rama ko da guda ɗaya. Sai ya tsaya, ya cire hula, kamar ya ga baƙo.

"Ina kwana, Dirabo. Ya aiki?"