Gatarin da aka wanke

Cikin ranakun aikina akwai ɗaya da har yau ba na iya mantawa, ranar da aka kawo gatarin Mamman na Fakku. Damina ce ta farko bayan samun 'yancin kai, ina sabon magatakarda a kotun alƙalin Tambuwal, ban daɗe da dawowa daga karatu a Zariya ba.

An sari wani makiyayi ta baya, bai ga mai saransa ba. Aka sami gatarin Mamman da jini, shi kuwa ya ce naman akuya ya sassara da shi. Ga waɗanda ba su sani ba, alƙali shaidu biyu yake nema, in babu sai rantsuwa. Majistare kuwa yana karɓar takardar masu awon jini, waɗanda ke iya bambance na mutum da na dabba. In na mutum ne, ina jin Sakkwato za a kai Mamman, gidan yari, geronsa na tsaye a gona.

Na roƙi alƙali a aika gatarin awo. Ya ce, "Aika, mu gani."

Baba Sambo, tsohon ɗan doka, ya miƙo mini shi yana ƙyalli.

Na ce, "Baba, ina jinin?"

"Na wanke shi da toka. Jini najasa na, Malam. A zauren da muka salla zan aje shi?"

Na zauna, na tashi, na sake zama. Laifina ne, ko aƙalla rabinsa, don ban gaya wa kowa kada a taɓa ba. Mamman na tsugune bakin ƙofa yana bin fuskata da ido.

Baba Sambo ya daɗe yana juya gatarin, sannan ya ce, "Amma ban hidda ƙota ba."

Muka buge ƙotar ta fita. Cikin ramin da ƙarfe da ƙota suka haɗu akwai baƙin jini busasshe, ɗan kaɗan. Na naɗe, na buga hatimi, na aika.

Sai bayan girbi takarda ta dawo: jinin dabba ne. Ba zan ce wannan ya nuna wanda ya yi saran ba, bai nuna ba. Alƙali dai ya rantsar da Mamman, ya sallame shi. 'Yan'uwansa ne suka yanke masa geron, don yana tsare har lokacin.

Na gane mutanenmu ba ɓarna suke nufi ba, tsarki suke kiyayewa. Tun daga ranar, duk wanda ya shigo da kayan shaida, kafin in amsa gaisuwarsa nakan ce, "Ba a dai wanke ba ko?"