Lambar Bankin da Na Rubuta wa Inna Habsu

Kafin in lalace, ni mai rubuta wa mutane takardu ne a Tawa. Ina da tebur da kujera biyu ƙarƙashin wata bishiyar bedi, daura da banki. Na tsaya a aji uku na kwaleji, amma hannuna yana da kyau, bakina kuma ya fi hannun daɗi.

Yawancin masu zuwa wurina iyayen 'yan ci-rani ne. In ɗa zai aiko da kuɗi daga waje, sai an ba shi lambar asusu da lambar shaidar banki, wadda muke kira kod. Haruffa ne da alƙaluma 'yan kaɗan, su ke nuna wa kuɗi bankin da za su sauka. Tsofaffi ba su iya karanta su ba, ni na iya. Na fara da tsawwala ladan rubutu, babu wanda ya tanka, sai zuciya ta ce in ƙara.

Ana nan wata tsohuwa ta zo daga Bambeye, sunanta Inna Habsu, yanar ido ta fara rufe mata gani. Ɗanta da ke Turai zai aiko da kuɗin aikin ido. Na tambayi sunansa, sai ta kau da kai ta ce, "Yaron ga dai." Nan take na gane ɗan fari ne. Uwa a wurinmu ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta tambaye shi nawa ya aiko. Na tura masa kod ɗin bankina da lambar asusuna, na ce tsohuwa ba ta da takardun buɗe nata.

Kuɗi suka sauka, na tsakura mata abin da bai kai na aikin ba. Ta yi ta sa mini albarka. In ya kira ya tambaya ko saƙo ya iso, sai ta ce, "Ya iso, Allah shi yi albarka." In ya tambayi ido, ta ce da sauƙi, don kada ta tada masa hankali. Sau huɗu na yi haka, na sayi babur.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ɗan ya dawo ya tarar da uwarsa tana lalube. Takardun banki suna cikin jakarsa, da kod ɗin da sunana. Jandarmomi ba su sha wahalar kama ni ba. Shekara uku na yi a gidan kaso, kuma na cancanta.

Da na fito na tafi Bambeye na durƙusa gabanta. Likita ya riga ya ce an makara. Ta miƙo hannu ta shafa kaina, ta ce, "Ka rame, ɗana. An ba ka ruwa?" Na fashe da kuka. Ta ce, "Na yahe maka. Abu guda ka damuna, shekara tara yaron ga yana waje, ya komo ban ga huskatai ba."

'Yan'uwana matasa, yau facin taya nake yi a bakin tasha, ina cin halaliyata. In Allah ya ba ku karatu, tsoho ya miƙo muku takarda, ku rubuta masa gaskiya ku karanta masa da ƙarfi. Ni an yafe mini, amma Inna Habsu har yau da hannu take gane ɗanta.