Na Kai Muzuru Yaye Tsibiri

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, masu ba da tallafi suka shiga tattara kayansu ɗaya bayan ɗaya, ina aikin buga takardu a biro, wato ofishin wani furoje na tallafa wa noman rani a Jiratawa. Kullum da safe in hau mota daga Sabon Gari, in dawo bayan la'asar. Shugabarmu wata Baturiya ce, Madam muke ce mata. Ranar da aka ce ta rufe biro ta koma ƙasarsu, ta raba wa ma'aikata kujeru da kwanuka da labulaye. Ni kuwa ta jawo ni gefe, idonta jawur, ta ce abin da ta fi so a duniya shi za ta bar mini.

Na ɗauka firigo ne, na'urar sanyaya abincinta. Wallahi har na fara tunanin inda zan ajiye shi.

Ashe maguna ne guda biyu. Wata ƴar siririyar mage fara, da wani ƙaton muzuru mai launin toka wanda wuyansa ya kai kaurin damtsena. Ta haɗa mini da guntun buhun abincinsu, wanda take kira kuroket: wasu busassun ƙwayoyi masu kama da kashin awaki, suna warin busasshen kifi. Daga Yamai ake kawo mata shi, kuma tun suna jarirai ba su taɓa sa wani abu a baki ba sai shi. Ta ce a duk Maraɗi ba mai sayar da shi, don haka kafin buhun ya ƙare in koya musu cin ɗanyen nama: hanta, zuciya, wuyan kaza da ƙashinsa, ba gishiri, ba albasa. Ta riƙe hannuna ta sa na yi alkawari ba za su mutu a hannuna ba. Na yi dariya na ce, "Madam, wa ke koya wa mage cin nama?" Na ɗauki amanar da zuciya ɗaya, ina ganin ba abin da ya fi ta sauƙi.

Murnar da na yi a ranar, ko ni ban san daga ina ta fito ba. Na rasa aiki, gari ya rikice, ma'aikata na ta yajin aiki, amma ni na shigo gida ɗauke da kwali mai kuka, bakina har kunne. Maigidana, wanda ke fataucin kaya tsakanin Maraɗi da Katsina, ya leƙa kwalin, ya dube ni, ya ce, "To, wasu sun samu kujera, ke kin samu masu zama a kanta." Ban kula shi ba. Na auna abin da ya rage a buhun, tiya huɗu da ɗan kai.

Kuskuren farko nawa ne, ba na kowa ba. Da na sayo hanta na yanka, sai na tsaya ina kallonta a kan faranti, jini na tsatsafowa, na ji kunya ta kama ni. Waɗannan baƙi ne, amana ce. A gidan da na taso, ko wa ya shigo ba a miƙa masa ɗanyen abu. Sai na ce a raina Madam ba ta iya girki ba ne shi ya sa. Na ɗora tukunya na yi musu farfesu, da albasarsa da daddawarsa da ƴar citta, gida ya ɗauki ƙamshi. Na zuba a kwano mai murfi na kai musu har gindin gado. Magen ta shinshina ta yi atishawa. Muzurun kuwa ya dubi kwanon, ya dube ni, ya juya baya ya fara tonon siminti da ƙafa kamar mai binne ƙazanta. Maigida ne ya shanye farfesun, yana ta sa wa Madam albarka.

Daga nan na sauko na ba su ɗanyen. Suka ƙi. Na ba su zuciyar rago, suka ƙi. Na ba su wuyan kaza, magen ta yi wasa da shi a tsakar gida har ya kwashi ƙasa, ta bar shi. Wata rana ɓera ya ratsa ta gaban muzurun, da idona na gani, ya ɗage ƙafa ya ba shi hanya. Na ce, "Kai, ka ji kunya, ka ba da maza." Ya yi hamma. Duk safiya kuwa in buɗe buhu in ga ya ƙara yin ƙasa.

Mahaucin da nake sayen nama wurinsa dattijo ne, yana da tukubar tsire a bakin kasuwa. Da ya ga kullum ina sayen hanta ƴar kaɗan ina ɓata rai, ya tambaye ni ko wani ne ba lafiya a gida. Na gaya masa komai, ina jiran ya yi mini dariya. Bai yi ba. Ya ce in kawo masa ƙwayar ya gani. Washegari na kai, ya murtsuke ɗaya a tafin hannunsa, ya shinshina.

"Ɗiyata, ai wannan ƙuli ne," in ji shi. "Mu ma da za mu tsire nama mu gasa shi tsirara, rabin masu saye ba za su tsaya ba. Hanci ke fara ci. Je ki daka wannan ya yi gari, ki yanka naman siri-siri, ki turbuɗa shi ciki kamar yadda kika ga ina yi. Kullum ki rage garin, ki ƙara naman."

Ban san lokacin da na iso gida ba, ko cefanen da na fita yi ban yi ba. Na jawo turmi na zuba rabin tiya na hau daka. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya wane irin yaji ne wannan mai warin bakin gulbi. Na yanka hanta ƙanana, na birkiɗe ta cikin garin har ba a ganin ja, na ajiye, na koma bayan ƙofa ina leƙe. Magen ta zo ta lashi garin. Ta sake lasa. Sai haƙorinta ya kama naman, ta tsaya cak, ta girgiza kai, ta haɗiye. Ta ɗauki na biyu. Na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida, da rana tsaka, har maƙwabta suka aiko a ji ko haihuwa aka yi.

Cikin kwana goma magen ta gama komawa. Na daina turbuɗa mata, ta shiga tauna wuyan kaza ƙurus-ƙurus, gashinta na sheƙi, in ta ji ƙarar wuƙa a kan katako sai ta taho da gudu. Duk wanda ya shigo gidan sai na zaunar da shi ya kalli yadda take ci, ko yana so ko ba ya so.

Muzurun fa ya ce bai san zancen ba. Zai lashe garin tas, ya bar mini naman a wanke. Na niƙa naman da garin suka zama ɗaya, ya ƙi kusantar kwanon gaba ɗaya. Sai ya je ya zauna gaban buhun yana kuka, wani siririn kuka da bai dace da girmansa ba, ni kuma zuciyata ta karye in ɗebo masa ƴan ƙwayoyi. Haka muka yi ta yi har buhun ya koma abin da bai cika tafi biyu ba. Wuyan nan ya zube, in na shafa bayansa ina jin ƙashi. Na fara jin tsoro na gaske, don na san ranar da ƙwayar ƙarshe ta ƙare, wannan dabba zai zauna ya mutu da nama a gabansa.

Ana cikin haka Inna, mahaifiyata, ta zo daga Tsibiri ganin gida. Ta zauna a tabarma ta kalli wasan da muke yi ni da shi: ya yi kuka, in yi masa faɗa, ya ƙara kuka, in buɗe buhu. Da ta gama shan furarta ta dube ni.

"Ke, wannan ai yaye ne," ta ce. "Ina kika taɓa ganin an yaye ɗa a ɗakin uwarsa, nono na gabansa? Ba ni shi in tafi da shi."

Na ce, "Inna, muzurun Turawa ne, bai san ƙauye ba. In ba ki sauran abincin ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan?"

"Ki riƙe abinki. Kuma kada ki taka ƙafarki gidana sai kwana bakwai sun cika. In ya gan ki, aikin ya lalace."

A kwando ta sa shi, ta ɗaure bakin da tsohon zane, ta shiga motar Tsibiri yana ta kururuwa. Na bi su har tasha ina jaddada mata kada a sa gishiri, kada a sa albasa, ta ce in koma gida tun ranta bai ɓaci ba.

Kwana bakwai ɗin nan ban ji daɗin komai ba. In na ga mai zuwa daga Tsibiri a kasuwa sai in tare shi da gaisuwa mai tsawo, ina so in tambaya, ina jin nauyin a ce matar aure tana cigiyar lafiyar muzuru. Maigida ya ce in na ƙara ambatar dabbar nan a kan tuwo zai koma cin abinci a tasha. Ranar ta bakwai tun da hantsi na shirya, na sayi hanta mai kyau, na hau mota. Duk tsawon hanya ina faɗa wa kaina ko dai in tarar yana ci, ko in tarar an binne shi bayan rumbu.

Da na yi sallama, abin da na fara gani shi ne Inna zaune kan kujera ƴar tsugune tana fige tattabara, muzurun kuma yana tsugune a gabanta, idonsa na kan hannunta. Ya rame, amma kunnuwansa a tsaye. Ta fasa cikin tattabarar, ta ciro hanta da zuciya da ɗuminsu, ta jefa. Bai bari sun taɓa ƙasa ba. Ta miƙa masa wuyan, ya danne da ƙafa ya hau tauna yana gurnani. Na saki ledar da ke hannuna, na durƙusa, ina dariya hawaye na zuba, ina ta cewa, "Inna, yana ci. Inna, kin gani, yana ci."

"Yau kwana huɗu ke nan yana ci," ta ce. "Kwana biyu ya yi a ƙarƙashin gado, ban ko dube shi ba. A na uku na jawo shi na shafa masa hanta mai ɗumi a ƙafafunsa na gaba. Mage ba ta iya zama da datti a jiki, dole ta lashe. Da ya lashe, sai ya zo yana neman inda sauran yake."

Daɗi ya sa na rasa abin yi. Na ce yau ɗin nan zan rubuta wa Madam takarda, na ce zan saya wa Inna turmin atamfa, na jawo kwandon da aka kawo shi a ciki na kakkaɓe. Sannan na miƙa hannu na kira shi da irin kiran da nake masa a gida.

Ya ɗago ya dube ni, bakinsa da jini. Ya ɗauki sauran wuyan tattabarar, ya zagaya bayan Inna, ya shige ƙarƙashin gefen zanenta ya kwanta. Na sake kira. Na matsa, ya yi mini huci. Ni da na yi wata guda ina daka masa gari, ina roƙonsa. Raina ya sosu ƙwarai, na ce, "Inna, dubi butulcin da yake mini."

Inna ba ta ɗago ba, ta ci gaba da figar tattabara ta biyu. Ni ce ƴar farinta, tunda nake ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa ba ni labarin ƙuruciyata ba, saboda kunya irin ta iyayenmu. A ranar ta yi magana a hankali, kamar da tattabarar take.

"Haka wata ta yi mini. Na kai ta yaye wurin tsohuwata, na ƙirga kwanaki, na sayo mata ƴar riga na je ɗaukarta. Ta gan ni ta ɓuya bayan zanen kakarta. Shekara shida ta yi a can."

Na tsaya riƙe da kwandon. Ban taɓa sanin ta zo ɗaukata ba.

"To me kika yi, Inna?"

"Na ajiye rigar na koma gida," ta ce. "Tunda tana ci."

Na jingine kwandon a jikin rumbu, na jawo kujera na zauna kusa da ita, na karɓi tattabarar na ƙarasa figewa.