Rabin cokali

Ina dama kunu ɗan Mama ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce ta rasu can ƙasarsu, Hungary. Na yi salati, na sauke tukunya.

Maƙwabciyarmu ce a benen da muke haya a unguwar Al Mirqab, a ƙasar Larabawa, tsohuwar nas da ta zo zama wurin ɗanta injiniya. Sai da maigidana ya kwanta muka saba. An yi masa aiki a hanji, ya dawo gida ƙashi da fata. Ni kuwa abin da na sani, majinyaci abinci yake so. Na tuƙa tuwo, na yi farfesu, na tsaya a kansa ina cewa ya daure ya ƙara loma.

A haka ta shigo dubiya. Ta riƙe min hannu.

"'Yata, rabin cokali. Ki jira, sannan wani rabin."

"Mama, dubi yadda ya rame!"

"Na gani. Ba gobe za ki kai shi kasuwa ba."

Har shi sai da ya yi dariya. Ta ja ni kicin, ta rage murya, ta ce mahaifiyarta Bayahudiya ce. Lokacin yaƙin duniya na biyu an tsare mahaifiyar da ƙanwarta a sansanin da Jamusawa ke kashe Yahudawa. Da sojoji suka buɗe sansanin, su biyun suna da rai. Wani soja ya tausaya wa ƙanwar, ya ba ta naman gwangwani. Ta cinye, cikin da ya daɗe da yunwa ya kasa ɗauka, ta mutu bayan an cece ta. Mahaifiyar kuwa wata nas ce ta hana ta ci, sai ruwan miya kaɗan-kaɗan, tana kuka tana zaginta. Ita ta rayu.

"Sojan nan da zuciya ɗaya ya yi," in ji Mama.

Na ajiye tuwon, na koma kunu mai ruwa. Maigidana ya ɗan farfaɗo, ya ga wani azumin, sannan Allah ya karɓi abinsa. Mama ce ta zauna da ni kwanakin takaba, ba ta taɓa cewa in ci ba. Kofi kawai take turowa kusa da ni.

Na taɓa tambayarta yadda mahaifiyar ta koma gida. Ta ce in ta dawo daga hutu a ƙasarsu za ta faɗa min. Ban san ko mahaifiyar ta tarar da kowa a gidan ba.